Wanda ya sayi gida, yana da ikon fasawa bayan sa hannu?

Jama'a 'yan kasuwa da dillalai, ga wata magana da ke yawan haɗa mutane faɗa a ƙasar Gezawa, musamman yanzu da birnin Kano yake matsowa wajen Jogana, gidaje da filaye suna tsada. Mutum ya sayar da amfanin gonarsa, ya taya gida, aka sallama masa, ya ba da kafin alƙalami, ya sa hannu gaban mai unguwa da shaidu. Bayan kwana 2 ya dawo ya ce ya fasa. Shin yana da wannan iko?

A wasu ƙasashe doka ta ba shi. A Faransa mai sayen gidan zama yana da kwana 10 na sake shawara tun shekarar 2015, kafin nan kwana 7 ne. A Holan kwana 3 ne tun 2003. Cikin kwanakin nan in ya fasa, kuɗinsa su dawo, ba wanda zai tambaye shi dalili. Mu a nan dokar ƙasa ba ta yanka wa mai saye irin wannan wa'adi ba.

Alƙalanmu kuwa da mazhabar Malikiyya suke hukunci. A wurin Imamu Malik, da zarar an ce "na sayar", an ce "na saya", ciniki ya ƙullu, ko ba a tashi daga tabarma ba. Shafi'iyya ne ke ba da damar fasawa kafin a watse. Saboda haka a kula, magana zarar bunu ce.

To, amma akwai ƙofa, ita ce cinikin hiyari, watau cinikin zaɓi. Mai saye ya gindaya sharaɗi tun wajen ƙulla ciniki cewa yana son kwanaki ya duba, ya yi shawara. Risala ta halatta shi, Muhtasar na Shehu Halilu kuma ya ba gida kamar wata 1, alhali tufa kwana 3 ne. Dalili, gida ba a gane shi da kallo ɗaya. Sai an duba ginin, a tambayi maƙwabta inda iyaka take, a san ta inda ruwa ke bi da damina, a bincika ko gidan gado ne da ba a raba ba.

Hiyari yana da ƙa'idodi. Ba a sharɗanta biyan kuɗi a cikinsa, don in an fasa sun zama rance, in an zartar sun zama farashi. Mai saye ba ya tarewa a gidan. In ya rushe wani sashe, ko ya soma gini, ko ya ba da haya, to ya nuna ya yarda, zaɓinsa ya faɗi. Gidan kuwa yana nan a wuyan mai sayarwa har wa'adi ya cika: in katanga ta zube a tsakani, asararsa ce.

Sai kafin alƙalami. A Malikiyya bai halatta a ce in mai saye ya fasa kuɗin sun zama na mai gida ba. In ciniki ya tabbata a lissafa su cikin farashi, in ya warware a mayar wa mai su.

Wanda bai sa sharaɗi ba fa? Hanya 2 suka rage masa. Ta farko aibi: in ya tarar da babban lahani wanda ya girmi cinikin, ba a nuna masa ba, kamar tsagar da ake tsoron ta ka da gini, yana iya mayarwa. Ta biyu iƙala, watau ya roƙi mai gida su warware da yardar juna. Wannan alfarma ce, ba tilas ba.

A tuna kuma da dokar filaye ta 1978. Ta sa sai da amincewar hukuma ake sauya hannun fili, ƙaramar hukuma a karkara, gwamna ga mai takardar mallaka ta jiha. Takardar da aka rubuta a zaure shaida ce, amma ba ta maye wannan ba.

Ku dillalai, nan ne taku. Kafin kowa ya dangwala yatsa, a tambayi mai saye: yanke ne ko da zaɓi? In da zaɓi ne, a rubuta kwana nawa, da ranar da zai ƙare, da wanda zaɓin ke hannunsa. A rubuta kuma cewa la'ada sai ciniki ya tabbata. Dillalin da ya yi gaggawar cin la'ada, shi ake fara nema ran da magada suka taso.

Layi ɗaya a takarda ya fi zirga-zirgar wata shida gaban alƙali. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, amin.