Yadda Ake Kwance Sukurun Kyamara Idan Ya Cije

Gabatarwa

Kawuna mai ɗaukar hoto ne a Kafanchan, kuma a wurinsa nake yin hutu. Da damina ya aike ni gangaren ruwa na Matsirga ɗaukar hotunan 'yan yawon buɗe ido, feshin ruwa ya taɓa kyamarar, ban goge ba. Ana saura kwana uku bikin Afan na Kagoro, wanda ake yi ranar 1 ga Janairu, muka tarar wani ɗan sukuru na ƙarƙashinta ya yi tsatsa. Na ɗauko sukundireba na murɗa da ƙarfin tsiya, kan sukurun ya cinye. Wani dattijo mai gyaran agogo a kasuwa ne ya fitar da ni kunya. Abin da na koya a wurinsa shi ne zan kawo a taƙaice.

Dalilan Cijewa

Dalilai uku ne. Na farko tsatsa, domin kudancin Kaduna ya fi Kano da Katsina ruwan sama da laima. Na biyu, masu ƙera kyamara sukan ɗiga wani irin gam a jikin sukuru don kada girgiza ta kwance shi. Na uku, kuma shi ya ci ni, rashin dacewar makami. Kyamarorin Japan irin su Canon da Nikon da Yashica suna zuwa da sukuru mai ma'aunin JIS. A ido kansa gicciye ne kamar na Phillips, amma bakin sukundireban Phillips ba ya zama daram a cikinsa, sai ya riƙa zamewa yana cin ƙarfen.

Matakan Kwancewa

Da farko a cire batir, a share ramin kan sukurun da tsinken allura. A samo sukundireban JIS daidai girmansa, yawanci lamba 0 ko 00. A danna sosai, a murɗa hagu a hankali. Dannawa ta fi murɗawa muhimmanci. Da zarar ya zame sau ɗaya, a dakata.

Idan tsatsa ce, a ɗiga man kwance ƙarfe da bakin tsinke, ɗigo ɗaya tak, a bar shi ya kwana. Kada a fesa, domin mai yakan bi ya shiga gilashi ya lalata shi. Idan gam ne, a ɗora bakin ƙarfen walda na masu gyaran rediyo a kan sukurun na ɗan lokaci kaɗan, zafi zai sassauta shi. Amma ba a yin haka inda sukuru ya shiga roba.

Idan kan ya riga ya cinye, a shimfiɗa siririn kyauro a kansa sannan a danna. Da wannan dabara dattijon ya ciro namu, yana ce mini: "Yaro, wannan ba notin tayar mota ba ne."

A kula, wasu tsofaffin kyamarorin Pentax suna da sukurun da dama ake murɗa shi ya kwance. Haka nan na'urar walƙiyar hoto tana riƙe lantarki wajen bolt 300 ko an cire batir, don haka a bar wa gwani ya buɗe ta.

Kammalawa

Mun je Kagoro da kyamararmu lafiya lau. Tun daga ranar, in sukuru ya ƙi motsi, ajiye makami nake yi in tambayi kaina dalili tukuna. Sannu ba ta hana zuwa.