Kaluluwa a wuyan mai maƙoƙo: yadda ake gwada ta

A ƙauyukanmu mun saba ganin maƙoƙo, musamman a wuyan mata. Kumburi ne na wani ƙullutun nama da ke gaban maƙogwaro, wanda likitoci ke kira tayirod. Yawancin maƙoƙo ba ciwon daji ba ne, sau da yawa ƙarancin aidin a abinci ne ke kawo shi. Amma idan kumburin ya yi tauri, ko murya ta dushe, ko haɗiya ta yi wuya, ko kaluluwa ta fito a gefen wuya ta yi makonni ba ta baje ba, sai mu kai mutum asibiti.

Ciwon dajin tayirod ya fi kama mata, kusan ninki 3 na maza. Idan zai bazu, a kaluluwar wuya yakan fara sauka. To amma tibi ma yana kumbura ta, haka ciwon haƙori. Ido ba ya iya bambanta su, hannu ma haka.

Likita yakan fara duba wuyan da na'urar da ake duba masu ciki. Sannan ya sa siririyar allura ya zuƙo ɗan abin da ke cikin kaluluwar, a duba da madubin likita. Akan kuma ɗauraye allurar da ruwan gishiri a auna ruwan. Akwai wani sinadari, tayiroglobulin, wanda ƙwayoyin tayirod kaɗai ke yin sa. Ba shi da abin yi a cikin kaluluwa. Idan an same shi da yawa a can, alama ce ciwon ya iso.

Sakamakon yakan ɗauki kwanaki, kuma mun san abin da kwanaki ke ci wa wanda ya baro gona ya biya kuɗin mota. Shi ya sa masu bincike suke gwada wani ɗan tsinke mai kama da na gwajin zazzaɓin cizon sauro, wanda ke nuna sinadarin cikin mintoci. Ya fi amfani a lokacin tiyata: likita zai san kaluluwar da zai cire tun majiyyaci yana kwance, kada a sake yanka shi daga baya. Tsinken bai maye gurbin madubin likita ba tukuna.

Ko ciwon ya kai kaluluwa, yawancin masu irin wanda aka fi samu suna warkewa bayan tiyata. Kafin ranar asibiti, kada mu bari a yi wa kumburin tsaga ko sakiya.