Gaskiya ko Jita-jita: Baƙon Bakin Caja Na Kashe Waya?

A Badarawa da ƙauyukan da ke tsakanin Shinkafi, Zurmi da Kaura Namoda, wutar Nepa baƙuwa ce, don haka mai waya ba ya zaɓen wurin caji. Duk inda wuta ta samu, nan ne: rumfar mai caji a kasuwa, batirin sola, batirin babur, ko bayan talabijin. Ga shi a gida ɗaya za ka tarar da tsohuwar Nokia mai siririn baki, da Itel ko Tecno masu tsohon baki, da sabuwar Infinix mai Type-C. Shi ya sa igiya mai kawuna da yawa ta samu kasuwa, haka ma ɗan kan nan da ake ɗora wa tsohuwar igiya don ta shiga sabuwar waya. Maganganu kuwa sun yi yawa a kansu.

Wadda aka fi yi ita ce wai ɗan kan yana kashe batir. Yawancinta jita-jita ce. Duk waɗannan bakunan, kowane irin fasali gare su, wuta mai ƙarfin bolt 5 suke ɗaukowa, kuma ba igiya ke tsara yadda batir zai cika ba, wani ɗan ƙwaya ne a cikin wayar ke wannan aiki. Aibin ɗan kan a wani wurin yake: yana ƙara tsawo da nauyi, yana lilo a baki, har ƙarafan ciki su saki. Daga nan sai ka ga mutum yana ɗaure igiya da roba, yana jingina waya a karkace don ta kama caji. Bakin ne ya lalace, batir lafiyarsa lau.

Amma ba a wanke kowace igiya ba. A 2016 wani injiniyan Google, Benson Leung, wanda ya yi suna wajen gwada igiyoyin Type-C da ake sayarwa a intanet, ya jona wata da aka haɗa wayoyin cikinta a baibai, ta ƙone masa kwamfuta. Idan haka ta samu masanin abin, ina ga wanda ya saya a kan baro?

Sai masu cewa babbar caja na fin ƙarfin ƙaramar waya. Wannan ma ba haka ba ne. Waya kamar mai ɗiban ruwa take: komai cikar rijiya, cikin gugarsa kawai zai ɗauko. Caja mai sauri ba ta ɗaga wuta zuwa bolt 9 ko sama sai ita da wayar sun fahimci juna. Idan wayar ba ta san wannan tsari ba, a bolt 5 za a tsaya. Caji ta bayan talabijin ko ta kwamfuta shi ma ba ya illa, jinkiri ne kawai, domin tsohon bakin USB wat biyu da rabi yake bayarwa, cajar bango ta kirki kuwa ta kan ninka haka sau huɗu ko fiye. Haka ma wayar da ke cajin 'yar'uwarta ta igiya. Mai bayarwar ce dai ke yin asara.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, abin da ya cancanci tsoro shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Matashi zai yanke kan igiya, ya fere wayoyin ciki biyu, ya maƙala a batirin babur ko kai tsaye a faifan sola, yana cewa ai wuta wuta ce. Batirin babur bolt 12 ne, fiye da ninki biyu na abin da waya ke jira. Faifan solan da ake kira na bolt 12 kuwa, idan rana ta take, ya kan kai 18 har ya wuce, kuma yana hawa yana sauka da giftawar gajimare. Wayar da ta yi sa'a za ta ƙi karɓa. Wadda ba ta yi ba, sai wurin mai gyara. Maganin ba tsada gare shi ba: a sa cajar mota a tsakani, ko a yi amfani da bakin USB da ke jikin na'urar da ke daidaita wutar sola, domin su ne ke sauko da wutar zuwa 5.

To janareta fa? An ɗora masa laifin da ba nasa kaɗai ba. Duba jikin caja ta ƙwarai, za ka ga an rubuta 100 zuwa 240, wato tana jure hawa da saukar wuta gwargwado. Matsalar ita ce jabu, wadda za ka ɗaga ka ji ta fayau ba nauyi. A 2016 an gwada jabun cajojin Apple guda 400, uku kacal suka tsallake gwajin kariya daga jan wuta. Irin wannan ba waya kaɗai take yi wa barazana ba, har da mai riƙe da ita. Ƙara da zafin Afrilu na Zamfara, a rumfar kwano, wayoyi jibge a kan juna: shi ke kumbura batir, ba fasalin baki ba.

Akwai kuma batun satar bayanai ta igiyar caji. Mai yiwuwa ne a fasahance, har hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi a kai a 2023. Sai dai a rumfar caji ta ƙauye, ɓarawo ba ya buƙatar wannan wahala. Ga shi ka bar waya ba kulle, layinka na ciki, shi ne kuma layin da ke haɗe da asusun bankinka. Ka sa wa layin lambar sirri, ko ka zare shi ka tafi da abinka kafin ka miƙa wayar.