Ɓuntun shinkafa da simintin Kalambaina: me zai haɗa su?

Tun 1967 ake toya siminti a Kalambaina, a gefen birnin Sakkwato. Dutsen farar ƙasa da ke kwance a wurin ne ya jawo masana'antar, kuma shi kansa ragowar halittun teku ne da suka taru a zamanin da ruwa ya rufe yankin, shekaru wajen miliyan 60 da suka wuce. Yau kamfanin BUA ke da ita. Ya buɗe layi mai tan miliyan 1.5 a shekara a 2018, ya ƙara wani mai tan miliyan 3 a 2022.

Ana niƙa dutsen da laka, a zuba cikin tanderu mai zafin digiri 1,450, ya fito dunƙule-dunƙule. Sunansa kilinka, shi ake sake niƙawa ya zama siminti. Matsalar tana nan: kowane tan na tsantsar farar ƙasa, in ya toyu, yana sakin kilo 440 na iskar kabon, ban da hayaƙin makamashin da aka ƙona. Shi ya sa siminti ke da alhakin kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa. Duk abin da zai rage kilinka a buhu, riba ce.

To, a nan ɓuntu ya shigo. Daga fadamun Goronyo zuwa Argungu shinkafa ake nomawa, kuma kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera ɓuntu ne. A bayan injinan casa za ka gan shi tsibi-tsibi, wani lokaci yana cin wuta kwana da kwanaki. Tokarsa kuwa kusan kashi 90 cikin 100 silika ce. Idan siminti ya sha ruwa yana barin wani sinadarin farar ƙasa da ba ya ƙara wa gini wani ƙarfin kirki. Silikar tokar sai ta haɗu da shi, su zama ƙarin abin ɗauri, su toshe ƙananan kafofin kankare. Rumawa sun yi irin wannan da tokar dutse mai aman wuta, wasu gine-ginensu suna tsaye har yau. Shekarun 1970 ne P. K. Mehta, a Jami'ar Kalifoniya da ke Amurka, ya nuna yadda za a ƙona ɓuntu tokarsa ta yi wannan aiki.

Amma fa ba kowace toka ba. Zafin ya tsaya tsakanin digiri 500 zuwa 700. In ya haura 800 silikar ta daskare kamar yashi, ta daina aiki, ƙurarta ma tana cutar da huhu. In iska ta yi kaɗan, baƙin gawayi ya rage a ciki, ya riƙa shanye ruwan kwaɓi. Tokar juji ba ta da tabbas kenan: yau kyau, gobe shirme.

Mu yi lissafi. Kilo 100 na shanshera na ba da ɓuntu kilo 20, shi kuma toka kamar kilo 4. Don a maye kashi 10 cikin 100 na siminti tan miliyan ɗaya, ana buƙatar toka tan 100,000, wato shanshera tan miliyan 2.5. Ga shi ɓuntu ba nauyi sai cika mota, kuɗin dizal zai cinye ribar tun kafin a isa Wamakko. Kuma ba banza yake ba gaba ɗaya: masu kiwon kaji na shimfiɗa shi, masu turara shinkafa na hura wuta da shi.

A ganinmu, tokar ɓuntu ta fi dacewa da masu buga bulo da ke kusa da injinan casa. Buhu ɗaya mai kilo 50, toka kilo 5 ya isa gwaji. Babbar masana'anta kuwa, abin da ya fi mata sauƙi shi ne ta ƙona ɓuntun a matsayin makamashi, tokar ta shige cikin kilinka, kamar yadda ake yi da kwalfar ƙwarar manja a masana'antar Ewekoro ta jihar Ogun. Don rage kilinka da yawa kuma, gasasshiyar laka ta fi ɓuntu samuwa. Masu bincike a Suwizalan da Indiya da Kuba sun haɗa kai kan simintin LC3, wanda kilinkarsa rabi ce kawai.

Aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Mai injin casa ke da ɓuntu da wurin ƙonawa. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta daɗe tana ƙera murhu mai tsimin itace, irin ilimin da ake buƙata wajen tanderun da zai riƙe zafi daidai. Sai ɗakin gwaji, inda za a zuba kankare a ƙananan akwatuna, da toka da babu toka, a matse su a kwana 7 da kwana 28, har zuwa 90, domin toka a hankali take ba da ƙarfi. Mai bulo da ya saba sayarwa bayan kwana uku, wannan jinkirin ne zai fara tambaya a kai.