Tankin masai: Ɓarnar ruwan da ake kwana da ita a gidajen Mafara, Bakura da Maradun

Idan dare ya yi tsaka, gari ya yi tsit, akwai wani ɗan sauti da kan fito daga banɗakin gidaje da yawa, kamar ana tsiyaya ruwa daga bakin buta. Mutanen gida sun saba da shi har sun daina ji.

Sautin na fitowa ne daga tankin masai na zamani da ya lalace, yana zubar da ruwa dare da rana.

Ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun su ne ke kewaye da Madatsar Ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Kogin Sakkwato, mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450. Duk da haka, gidaje da dama a waɗannan garuruwa sun dogara ne da rijiya da burtsatse da 'yan garuwa, kuma kowace jarka da kuɗinta.

Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa tanki ɗaya mai yoyo na iya zubar da galan 200 a yini, wato sama da lita 750. Wannan daidai yake da jarka 30 mai cin lita 25.

Gyara ko sauyawa?

Ba kowane yoyo ne ke buƙatar sabon tanki ba. A cikinsa abubuwa biyu ne ke aiki: mashigar ruwa mai ƙwallon roba da ke rufe kanta idan tanki ya cika, da kuma mafitar da ke sakin ruwa idan an danna ko an ja mariƙi.

Yashi da laka da ke biyo ruwan rijiya ko tankin sama su ne kan cinye robobin waɗannan wurare, ko su hana su rufuwa ruf. Irin wannan matsala kayan ciki kawai ake sauyawa.

Hanyar ganewa ba ta da wuya. A zuba 'yar bular wanki a cikin tankin, a bar shi minti 20 ba a taɓa ba. Idan shuɗi ya bayyana a kwanon masai, to mafitar ce ke yoyo.

Amma idan jikin tangaran ɗin ne ya tsage, ko na roba ne ya bushe ya dare, liƙi ba ya daɗewa, domin nauyin ruwa na kansa kullum. A nan sauyawa ce mafita.

Kafin a je kasuwa

Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen tanki da ka, a zo gida a tarar bai hau ba. Ga mutumin Bakura ko Maradun da sai ya je Mafara, ko ma Gusau ko Sakkwato, kafin ya samu irin wanda yake so, komawa a canza kaya ba ƙaramin abu ba ne, musamman da halin da hanyoyin yankin suke ciki na rashin tsaro.

Don haka a fara duba irin tankin. Akwai wanda ke zaune a kan kwanon, an ɗaure shi da kusoshi biyu, akwai kuma wanda ake kafewa a bango, bututu ya haɗa shi da kwanon, kamar yadda ake yi wa masai na tsugunno.

A auna tazarar da ke tsakanin ramukan kusoshin biyu, da faɗin ramin da ruwa ke fita. A lura ko ruwa ta gefe yake shiga ko ta ƙasa. A ɗauki hotonsa a waya, a kuma tafi da tsohuwar robar a nuna wa mai shago.

Tsofaffin tankuna kan ci lita 9 ko fiye a dannawa ɗaya, sababbi kuma lita 6, wasu ma masu madanni biyu ne, lita 3 da lita 6. Gidan da ake dannawa sau 20 a yini zai rage lita 60 idan ya sauka daga 9 zuwa 6. Sai dai tsohon kwano da aka ƙera don ruwa mai yawa ba lallai ya wanku da lita 6 ba, kuma dannawa biyu ta cinye ribar.

Yadda ake aikin

Da farko a rufe makullin ruwan da ke shiga tankin. Idan babu, a rufe na tankin sama. Sai a saki ruwan da ke ciki, a tsane ragowar da soso.

A kwance tiyon da ke kawo ruwa, sannan kusoshin. Idan sun yi tsatsa a ɗiga musu mai a jira, kada a buga da guduma, domin fasasshen tangaran na yanka kamar reza.

A harhaɗa kayan cikin sabon tankin tun yana ƙasa, a sa sabuwar roba tsakaninsa da kwanon. Mayar da tsohuwa don tsimin kuɗi araha ce da ba ta ado.

Wajen ɗaure kusoshi a riƙa juya na dama kaɗan, na hagu kaɗan, har tankin ya zauna daidai. Matsewa da ƙarfi ita ce ke fasa sabon tanki tun ranar farko.

A naɗa farin tef na famfo a bakin zaren bututu, a mayar da tiyo, a buɗe ruwa a hankali. Ruwan ya tsaya kamar yatsa biyu ƙasa da bakin bututun ambaliya. A ƙarshe a goga busasshiyar takarda a kowace mahaɗa, a maimaita gwajin bula, a wanke hannu da sabulu.

Wanda bai saba riƙe sufana ba, ko ya ga kwanon kansa yana motsi, gara ya kira mai gyaran famfo.

Abin da ya wuce kuɗin ruwa

Ruwan da ke yoyo sokawe yake tafiya. Idan ta cika kafin lokacinta, sai ta tumbatsa cikin gida ko lungu, ko ƙazanta ta tsirga ta ƙasa zuwa rijiya. Shi ya sa ma'aikatan tsafta ke ba da shawarar a bar tazarar aƙalla mita 30 tsakanin ramin masai da rijiya, abin da ke da wuya a cunkusassun unguwanni.

Zamfara ta san illar haka. A 2021, Hukumar NCDC ta ƙidaya sama da mutum 111,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,600 suka rasu, kuma jihar na cikin waɗanda cutar ta fi yi wa ɓarna. A daminar 2025 ma ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi gargaɗi kan yaɗuwar cutar a jihar, inda ta tallafa wajen jinyar masu ita a Babban Asibitin Talata Mafara.

Akwai kuma gidajen da idan tanki ya lalace sai a rufe banɗakin gaba ɗaya, yara su koma bayan gari ko kango. Wannan ita ce ɗabi'ar da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da yaƙi da ita a Nuwamban 2019, da burin kawar da bahaya a fili zuwa 2025. Jigawa ce ta fara cimma burin a 2022.

Kafin damina ta kankama, magidanci zai iya ɗaga murfin tankin gidansa ya zuba bula ya gani. Gwajin minti 20 ne kacal.