Yadda ɓera da ƙuda ke kai cuta daga gonar kaji zuwa tukunya

A Kuje, Bwari da Gwagwalada, ma'aikatan gwamnati da dama sun rungumi kiwon kaji domin tallafa wa albashi. Sai dai akasarinsu ba sa leƙa gonar sai ranar Asabar, kuma abin da suka fi tambaya shi ne yawan kiret ɗin ƙwai da adadin kajin da suka mutu.

Haɗarin kuwa yana tare da kajin da ke raye. Ƙwayoyin cutar Salmonela da Kamfilobakta kan zauna a hanjin kaza ba tare da ta nuna wata alama ba, har wani nau'in Salmonela kan shiga ƙwai tun kafin ɓawo ya rufe shi. Wanda ya ci bai dahu ba, shi ke kwana da gudawa, amai da zazzaɓi.

Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 sun nuna cewa gurɓataccen abinci na kwantar da mutum miliyan 91 a Afirka duk shekara, yana kashe kimanin 137,000.

Ɓera ne babban dillalin Salmonela: yakan zuba kashi a buhun abinci da mazubin ruwa, kuma ƙaramin ɓera na iya kutsawa ta ramin milimita 6. Ƙuda kan kwaso Kamfilobakta daga kashin dabbobi. A Denmak, sanya raga a kafofin iska ya rage yawan garken kajin da ke kamuwa.

Maganin ba shi da tsada. A ɗora buhuna kan katako nesa da bango, a toshe ramuka, a share ciyawar kewaye, a nisanta tarin kashi da kejin. A ajiye ruwan kashe ƙwayoyin cuta a bakin ƙofa tare da takalmin da ba ya fita waje. In an sayar da garke, a wanke ɗakin, a bar shi mako biyu babu kaza.

Ɗura wa kaji maganin antibayotik ba ya maye gurbin waɗannan. Ƙara wa ƙwayoyin taurin kai yake yi, har maganin ya gaza a asibiti.

Dokar ƙofa ta hau kan kowa. Dillalin da ya zaga gonaki uku da safe, da maigidan da ya zo da abokan ofis kallon kaji, duk a bakin shinge ya kamata su tsaya.