Gandun da Ba Shi da Mai Gida: Katsina United, Kano Pillars da Fargabar 'Yan Dagaji

Wanda ya tashi a Sukuntuni, ko a wani ƙauye na ƙasar Kankiya da Kusada, ya san cewa zuciyar mai son ƙwallo a wannan yanki a rabe take gida biyu. Kankiya tana kan titin da ya haɗa Katsina da Kano. Gwamnatinmu tana Katsina, amma fataucinmu da ciraninmu da rediyon da iyayenmu suka saba kamawa duk sun fi karkata Kano. Don haka a majalisa guda za ka tarar da wa yana cewa "Sai Masu Gida", kirarin Kano Pillars, ƙanensa kuma ba ya son jin sunan kowa sai Katsina United. Shekara da shekaru ana wannan musu cikin raha, kowa yana tsokanar ɗan'uwansa. A watan Yulin 2022 tsokanar ta ƙare, domin a kaka ɗaya ƙungiyoyin biyu suka faɗa rukunin 'yan dagaji, tare da Heartland ta Owerri da MFM ta Legas. Babu wanda ya rage da bakin yi wa wani dariya.

Faɗuwar Katsina United ta yi ciwo, amma ba ta zo da mamaki sosai ba. A 2016 ta samu hayewa babbar gasa, kuma a yawancin shekarun da ta yi a ciki, lissafin magoya bayanta bai wuce na tsira ba: maki nawa suka rage, wa ke ƙasanmu, wasa nawa za mu yi a filin Muhammadu Dikko. Ta Pillars ce ta girgiza Arewa. Ƙungiyar da aka kafa a 1990, ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 2008, ta sake ɗauka sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009, ta ci kofin ƙalubale a 2019. Shekara uku kacal bayan wannan kofi, ga ta a ƙasan teburi. Gini irin wannan ba ya rushewa da ruwan dare ɗaya; gara ta daɗe tana cin sa.

A nan nake so mu tsaya, domin tambayar da ba a cika yi a gidajen kallo ba ita ce: wa ke da waɗannan ƙungiyoyi? Amsar da kowa ya sani ita ce gwamnatin jiha. Haka Katsina United take, haka Pillars, haka Wikki ta Bauchi da El-Kanemi ta Maiduguri, haka Enyimba da Rangers a Kudu. Gwamna ne ke naɗa shugaban ƙungiya da 'yan kwamitinsa, daga baitulmali kuɗi ke fita ta hannun ma'aikatar wasanni. A takarda, manomin Sukuntuni da mai shayin tashar Kankiya su ne masu kulob, tunda dukiyar jama'a ake kashewa. A aikace kuwa ba a taɓa shawartarsu ba, kuma babu wata ƙofa da za su ƙwanƙwasa su tambayi nawa aka ware, nawa aka saki, nawa ya kai hannun 'yan wasa.

Manomi zai fi kowa gane illar wannan tsari. A gonar gandu, mai gida yana kula da taki da iri da lokacin shuka ne saboda daga rumbun nan shi ma zai ci. In damina ta lalace, yunwar ta shafe shi kafin ta shafi kowa. To ka ɗauka an wayi gari ana sauya mai gidan gandu duk bayan 'yan shekaru, ana kawo shi daga wani wuri saboda ya taimaka a lokacin zaɓe, kuma abincinsa ba daga wannan rumbu yake fitowa ba. Ko mutumin kirki ne, kuma a cikin waɗanda ake naɗawa akwai mutanen kirki masu son ƙwallo da gaske, me zai sa ya dasa itacen da sai bayan shekara goma zai yi 'ya'ya? Makarantar renon yara 'yan wasa itace ce irin wannan. Gyaran filin atisaye, da ajiye likita, da riƙe koci guda har ya gina tawaga, duk haka suke. Abin da shugaba na wucin gadi yake bukata shi ne sakamakon ranar Lahadi, don a gan shi a gidan gwamnati ranar Litinin.

Daga nan sauran cututtukan suke fitowa. Kuɗin kulob yana bin layin fayil kamar na kwangilar magudanar ruwa, alhali jadawalin gasa ba ya jiran sa hannun kowa. Sai a shiga kaka ba a kammala ɗaukar 'yan wasa ba, ana fafe gora ranar tafiya. Kukan bashin albashi da alawus da kuɗin sa hannu tsohon kuka ne a gasar Nijeriya, Kudu da Arewa. Yaron da aka biyo shi kuɗin haya, wanda ya kwana biyu a mota daga Katsina zuwa Uyo ko Fatakwal, shi ake so ya shiga fili ya yi minti 90 kamar ba abin da ke damunsa. Hanyar ma ba lafiya ba: a watan Maris na 2015 'yan fashi sun buɗe wa motar Pillars wuta a kan hanyarsu ta zuwa Owerri, suka raunata 'yan wasa da dama. In an yi rashin nasara uku a jere, koci ake kora, domin shi ne ba shi da uban gida.

Dole kuma in faɗi maganar da ba ta yi mana daɗi, mu magoya baya. A watan Afrilun 2022, Katsina United ta je Kano buga wasa a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Wasan bai ƙare lafiya ba, aka farfasa motar baƙi, hukumar gasa ta ci tarar Pillars, ta zabge mata maki uku, ta mayar da wasanninta na gida Abuja. Kafin kakar ta ƙare an sake cire mata maki saboda cin zarafin mataimakin alƙalin wasa, kuma a wannan karon daga ɓangaren shugabancin ƙungiyar abin ya fito. Ƙungiyar da ke neman maki kamar ruwa a rani, ita ce ake zubar mata da wanda ta tara. A Oktoban 2025 aka maimaita a wasa da Shooting Stars ta Ibadan: kutse cikin fili, tara, cire maki. Fushin gaskiya ne, na san shi, na ji shi a ƙirjina. Amma an bar jaki ana dukan taiki. Alƙalin wasa bai riƙe albashin kowa ba. Direban motar baƙi bai naɗa kwamiti ba. Kuma wa ke cikin motar nan? 'Ya'yan talakawa ne irin namu, wasunsu ma a unguwannin Kano aka haife su.

Matasanmu da ke cika gidajen kallo ana ta ƙarar janareta sun san wani salon fushin, domin suna ganinsa a talabijin. Sun san iyalan Glazer sun sayi Manchester United a 2005 da kuɗin rance, suka ɗora wa ƙungiyar bashin. Sun ga yadda a watan Mayun 2021 zanga-zangar magoya baya ta sa aka ɗage wasa da Liverpool. Wasu daga cikin magoya bayan tun a 2005 suka fice suka kafa tasu ƙungiyar, wadda mambobi ke zaɓar shugabanninta. A Jamus kuwa doka ce a yawancin ƙungiyoyi cewa rinjayen ƙuri'a yana hannun mambobi, komai kuɗin mai zuba jari. Abin da ke ba ni takaici shi ne, yaron Rimaye ko Kafin Soli zai zayyana maka laifin masu Manchester United dalla-dalla, har da adadin bashi, amma ka tambaye shi wa ke cikin kwamitin Katsina United, sai ya yi shiru. Ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Na Ingila a buɗe suke, ana buga lissafinsu kowace shekara. Namu a rufe.

Akwai masu cewa maganin shi ne gwamnati ta sayar wa attajirai. Suna kafa hujja da Remo Stars ta Ikenne a jihar Ogun, mallakar Kunle Soname, wadda ta ɗauki kofin gasar a 2025. Hujjar tana da ƙarfi. Remo ta faɗi daga babbar gasa har sau biyu, amma ba a wargaza ta ba. Mai ita ya gina filinsa, ya riƙe makarantar renon yara, ya jira. Sai dai tarihi yana da ɗaya fuskar. Abiola Babes da Leventis United sun haskaka a shekarun 1980, kuma ranar da masu su suka janye hannu, ranar suka mutu. A Ingila ma an kori Bury daga gasa a 2019 bayan fiye da shekara ɗari, saboda sakacin masu ita. Ƙungiyar da ke rataye a aljihun mutum guda tana rayuwa ne gwargwadon sha'awarsa. A jiha kamar Katsina, inda kamfanonin da za su ɗauki nauyin tallace-tallace ba su da yawa, janyewar gwamnati gaba ɗaya kashe kulob ne.

Abin da nake gani ya fi kusa da mu bai kai sayarwa wahala ba. A yi wa ƙungiya rajista a matsayin kamfani, gwamnati ta riƙe kasonta, a buɗe wa magoya baya katin zama mamba da kuɗi kaɗan a shekara, su zaɓi wakilai biyu ko uku a hukumar gudanarwa. A ba shugaba wa'adi a rubuce wanda sauyin gwamnati ba ya taɓa shi. A buga lissafin shiga da fita a ƙarshen kowace kaka, har da kuɗin da aka samu in an sayar da ɗan wasa, domin a nan ne aka fi yin duhu. Majalisar dokokin jiha tana da ikon kiran kowa ya yi bayanin kuɗin jama'a, kuma Kankiya da Kusada kowacce tana da ɗan majalisa a can. Ban ga abin da zai hana ƙungiyoyin matasa su rubuta musu takarda a kan wannan ba, kamar yadda ake rubutawa a kan taki da rijiyar burtsatse.

Ƙungiyoyin biyu sun dawo babbar gasa a 2023, bayan wasannin da aka yi a Asaba, aka yi murna a Kano da Katsina da duk garuruwan da ke tsakani. Tsarin mallakar da ya kai su ƙasa kuwa yana nan yadda yake. Jihar Katsina tana da ƙananan hukumomi 34, kuma a kowace akwai filin makarantar firamare da yara ke buga ƙwallo da yamma, wasu ba takalmi, duwatsu biyu ne ragarsu. A Sukuntuni ma akwai su. Da la'asar ta yi sanyi za ka gan su sun raba kansu, wannan Madrid, wancan Barcelona, kuma da wuya ka ji yaron da ya ce yau shi ne Katsina United.